Ƙarfen Kakkaɓe Darduma

A tsakar gidajenmu, bayan titin masaƙa a birnin Lodz,
akwai wani ƙarfe mai ƙafa biyu da sanduna biyu a gicciye.
An kafa shi don mata su rataya darduma su jibge ta,
amma mu muka gaje shi
tun masu shi suna da rai.

Mirka ce sarauniya.
Ta iya maƙale shi da ƙafa, kai a ƙasa,
gashinta na sharar tsakuwa,
tana cin burodi da sukari a haka, ba ta taɓa ƙwarewa ba.
Leszek ya bar haƙorinsa na gaba a gindin ƙarfen nan,
muka yi yini guda muna tonon nema,
shi da kansa ya fi kowa dariya, baki duk jini.

Kowa da makullin gidansu a zare a wuya,
sanyinsa na taɓa ƙirji in an yi gudu.
Iyayenmu mata na can cikin ƙarar injin saƙa,
ba wanda ya san inda muke,
mu ma ba kullum muka sani ba.
In faɗa ya tashi kan tseren marafan kwalba
mu ne alƙalai, mu ne shaidu, mu ne masu laifi,
kafin majina ta bushe an shirya.

Da almuru tagogi su buɗe ɗaya bayan ɗaya,
sunaye su zubo mana daga sama.
Kiran farko ba a jin sa.
Na biyu ma iska ce.
Na uku, mai haɗe da sunan uba, shi ke tayar da taro.

Yanzu shekaruna saba'in da ɗaya,
ina hawa na uku, taga ɗaya dai.
Na ƙirga motoci goma sha bakwai a inda muke buga ƙwallo.
Ƙarfen na nan, ya yi tsatsa,
ko darduma ta daina zuwa gaishe shi.

Jikana Ignacy, ɗan shekara takwas,
yana da agogo a hannu mai gaya wa uwarsa inda yake.
Litinin iyo, Laraba darasin kiɗa,
Juma'a wasa, amma da malami da usur da kuɗin wata.
Ban ga laifin 'yata ba.
Motocin gaskiya ne, labaran dare ma ta ji su,
wanda ya haifa shi ya san nauyin zuciyarsa.

Ran Asabar na ce masa, sauka ƙasa.
Ya ce, wa zai raka ni?
Na ce, ƙafafunka.
Ya ce, in yi me?
Nan na rasa ta cewa,
don mu ba mu taɓa tambaya ba.

Ya sauka. Ya tsaya tsakanin mota ja da mota fara
kamar baƙon da aka ajiye a tasha.
Ya taɓa ƙarfen, ya dubi tafinsa,
ya ɗaga kai yana neman fuskata.
Na koma bayan labule.
Wuyar da na sha a bayan labulen nan, ni kaɗai na sani.

Da na leƙo, sai tafin takalma biyu a sama,
riga ta zazzago ta rufe masa fuska,
cibiya a waje, cikin sanyin nan,
agogon na ta ƙara, shi ko a jikinsa.

A benen da ke kallon namu
wata yarinya ta manna goshi a gilashi,
numfashinta ya yi hazo, ta goge da hannun riga,
ta sake gogewa.

Na buɗe taga, sunansa na kan harshena,
sai na ga rana da saura.
Na rufe a hankali,
na je na ɗora ruwan shayi.